Yadda Muka Kai Kafaɗar Bawa Dosso

Tun da muka dawo daga Dosso ta Nijar, ƙasar da mutanenmu ke kira Faranshi, ba a bar ni na yi ɗinki cikin natsuwa ba. Wanda ya kawo yadi sai ya zauna, wanda bai kawo komai ba ma sai ya ja benci. "Turmi, yaya ƙasar Faranshi?" "Me suka ba Bawa ya sha?" "Da gaske ne sun ɗaure masa hannu kamar akuya?" Na faɗa, na sake faɗa, har bakina ya gaji, kuma kowa ya tashi sai ya ƙara wa labarin gishiri a hanya. Shekaranjiya ma na ji wai wurin boka muka kai shi. Haba jama'a! Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in koma kan kekena.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sani, ni tela ne a kasuwar Kontagora, amma Turmi da ake kirana ba a ɗinki na samo shi ba, a filin kokawa ne. Gajere ne ni mai faɗi, a zamaninmu kuwa ɗaga ni daga ƙasa sai an shirya. Na daɗe da barin fili, sai dai da la'asar nakan je in tsaya wa samari masu atisaye. A cikinsu babu kamar Bawa, ɗan yayata Hajo da ta yi aure a wani ƙauye kusa da Auna. Mahaifinsa ya rasu, shi kaɗai ne namiji babba a gidan. Shi ke noma abin da uwarsa da matarsa da 'ya'yansa ke ci.

Yadda aka hore mu, haka muke horar da na baya. Ka wuni a gona kana huɗa, ka dawo ka kama hanyar Ibeto da gudu har sai ka ji amai na taso maka. Ka dawo ka saɓa buhun masara ka yi ta zagaya fili, sannan a kama kokawa har a kira magariba. Kullum haka, babu Juma'a babu Lahadi. In kokawa ta matso kuwa sai a ninka. In wani wuri ya yi ciwo, ruwan zafi da man zafi, a wuce kemis a karɓo ƙwaya. Wanda ya ce zai huta, sunansa rago. Wallahi har yau in na tuna yammacin nan, ƙura a jiki, ƙafa na rawa, muna dariya muna shan kunun zaƙi a bakin titi, sai in ji kewar zamanin ta kama ni.

A kakar bara wani ɗan Mashegu mai suna Gambo ya ɗaga Bawa ya buga shi da ƙasa a kan kafaɗar dama. Shi ne karon farko da bayansa ya taɓa ƙasa a gaban jama'a. Tun daga nan kafaɗar ba ta koma daidai ba. Ƙarfi na raguwa, shi kuma yana ƙara kaya, a tunaninsa sakaci ne ya kama shi. Burinsa ɗaya, kaka ta zo, a yi kokawar Auna, ya rama a gaban mutanen garinsu.

Ana tsakiyar damina sai ga Yaya Hajo a rumfata, ta hawo babur tun daga ƙauye, matar da ko biki ba ta cika zuwa gari ba. Ko ruwan da na miƙa mata ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Sani, jiya matar Bawa ce ta sa masa riga. Hannun ba ya ɗaguwa. Kafaɗar da yake kokawa da ita, ita ce yake riƙe garma da ita. In ta tafi, wa zai noma mana? Kai ne za ka zo da allurarka ka yi mana huɗa?"

Da ta tafi na daɗe a zaune, sannan na ɗauki waya na kira tsohon abokina Dogo.

Isiyaka sunansa, Bazabarme ne mutumin Dosso. Muna samari 'yan kokawar Nijar kan ƙetaro bayan kaka, mu haɗu a Yauri ko a Kamba. Ni da shi mun kama juna ba adadi, ya kayar da ni, na kayar da shi, kodayake in kun tambaye shi zai ce nasa sun fi yawa, kada ku yarda. Daga faɗa muka zama 'yan'uwa. Na ji labarin yanzu yana horar da 'yan kokawa a garinsu. Da na gama zayyana masa sai ya ce, "Turmi, kawo mini yaron, kai ma ka zo in ga ko ka ƙara gajarta." Bawa bai yi musu ba, domin ya ɗauka wani sabon ƙarfi za a je a ɗura masa.

Da aka gama maimai, hatsi ya fara ciki, muka kama hanya da buhun sabuwar doya, tsarabar Dogo. A tasha aka cusa mu a bayan wata ƙaramar mota, ni da Bawa da wani malami da wata Banufiya 'yar kasuwa mai zuwa Kamba sarin kaya. Tun kafin mu wuce Ibeto ta fara mita. "Direba, wannan fasinjan naka mutum ɗaya ne ko gida guda? Ni fa numfashi nake so in yi!" Bawa ya yi ta matsawa jikin ƙofa, kafaɗar mai ciwo ita ce ke manne da ƙarfe, kowane rami muka faɗa sai in ga ya runtse ido.

A Yauri muka tsaya salla, aka sayi soyayyen kifi. Muna cikin ci sai matar nan ta tsaya tana kallonsa.

"Ɗana, wa ya koya maka ci da hagu? Ƙato kamar kai?"

Bawa ya sunkuyar da kai. Ni na amsa, na ce hannu ne ke ciwo. Ta yi salati, ta karɓi kifin ta cire masa ƙaya da hannunta. Daga nan har Kamba ba ta sake mita ba, ita ce ma ta ce su yi musayar wuri.

Bayan Koko taya ta fashe. An yi ruwa da safe, jak ɗin direba yana nutsewa cikin laka. Aka ce maza su ɗaga motar a cusa dutse. Kafin in buɗe baki Bawa ya riga ya sa kafaɗa. Mota ta tashi, mutane suka yi ta "Kai! Kai! Wannan yaro ingarma ne!" Ba zan yi ƙarya ba, ni ma kaina ya kumbura. Sai da muka koma mota na ga gumi na tsatsafo masa a goshi, leɓensa ya yi fari, ya rungume hannun a ƙirji kamar mai ɗauke da jinjiri.

Mun kwana a Kamba a shagon wani tela da na sani. Sauron garin nan ban san me suke ci kafin mu zo ba, amma ranar sun yi walima. Da safe muka nufi iyaka. An faɗa mana tun a gida cewa sai da katin rigakafi, mun kuma yi shi. Wani jandarma ya yi mana Faransanci, ya ga mun yi zuru, sai ya juya Hausa, ya ce mu kawo kati. Na laluba aljihun gaba, babu. Na gefe, babu. Na zazzage jaka, babu. Na ce ko cikin buhu na jefa, muka kwance buhun doya a gefen titi, doya ta yi ta gangarawa, wata akuya ta samu rabonta. Zufa ta karyo mini. Na cire hula in sosa kai, sai ga katunan sun faɗo gaban takalmin jandarma. Ni da kaina na ɓoye su a can tun a Kontagora don kada su ɓace.

Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya dubi wuyan Bawa ya ce, "Wannan ɗan kokowa ne ko?" Haka suke faɗa, kokowa. Da muka ce e, sai ya kira abokan aikinsa, aka kewaye mu ana tambayar wa ya kayar, wa ya kayar da shi. A nan na fara gane cewa yadda yaranmu suka haukace a kan ƙwallon Turai, haka mutanen Nijar suke a kan kokawa. Su suka taya mu tsince doyar.

Da muka ƙetare, daga garin Gaya muka shiga babbar mota. Wata yarinya ta miƙo mana burodi ta taga, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa kuwa sai da ya kusa cire mini haƙori. Hausarsu ma daban, fura ta zama hura, lafiya ta zama lahiya. Mun shiga Dosso bayan azahar, na tarar da gari tsit, shaguna a rufe, mutane kwance a inuwa. Na tambayi ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ko wani babba ne ya rasu. Ya ce a'a, lokacin hutu ne, kowa barci yake sai la'asar. Na yi tsaki. Da rana tsaka, kasuwa na ci, a ce mutum ya shimfiɗa tabarma! A Kontagora ai sai a ce a kai shi asibiti.

Dogo yana tsaye a ƙofar gida. Gemu ya yi fari fat, ya ɗan ranƙwafa, yana dogara sanda. Ni a raina har lokacin saurayin nan nake ɗauke da shi, mai tsalle kamar barewa. Ya jefar da sandar, ya sunkuya ya miƙo hannu biyu yadda ake neman kamu. Na sunkuya ni ma. Muka riƙe juna a tsakiyar lungu, tsofaffi biyu, muna nishi muna dariya, ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba. Matarsa Fati ta leƙo ta ce, "In kun gama, abinci na hucewa."

Ɗakin zaure aka ba mu, da gadon ƙarfe da gidan sauro. Abinci kuwa dambu da kwaɗon zogale da suke kira kwafto, sai hura mai tsami a ƙwarya. Ni mutumin tuwon dawa da miyar kuka ne, kwanakin farko cikina ya yi ta ƙorafi. Yanzu kuwa kwafton Fati nake marmari, na sa uwargidana ta gwada har ta gaji, bai yi ba.

Washegari ban ga an nufi fili ba. Asibiti Dogo ya kai mu. Wata likita ta ɗaga hannun Bawa, ta juya shi nan, ta juya shi can, aka ɗauki hoto. Ta yi bayani da Zabarmanci, Dogo na fassarawa. Jijiyar kafaɗar ta tsage amma ba ta tsinke ba. In aka bar ta ta huta, ana motsa ta a hankali, za ta haɗe, sai dai abin na watanni ne. In kuwa aka sake faɗuwa a kanta ko aka fizge ta, za ta iya rabuwa gaba ɗaya, daga nan sai aiki, kuma ko an yi ba lalle hannun ya sake ɗaga garma ba. Bawa ya ji, ya gyaɗa kai, amma na san ɗan yayata. Kunnensa kawai ya ji.

Da la'asar muka je filin Dogo. Rairayi ne aka kewaye da buhuna. Ina jiran in ga an fara gudu, sai na ga ƙarti sun jeru suna juya wuya, suna karkaɗa ƙugu, suna 'yan tsalle-tsalle.

Na ce, "Dogo, kokawa kake koyarwa ko rawar biki?"

Ya ce, "Kai in za ka hau tsohon kekenka da sanyin safiya, ba ka ɗiga masa mai? Zauna ka yi kallo, Turmi."

Na zauna, kuma kwanakin da suka biyo baya na ga abubuwan mamaki. Babu buhun masara. Jarkoki ne jere a gindin bango, kowace da alamar mai ita, kuma ruwan ciki bai zo ɗaya ba. Wani tasa cike, wani rabi. Sai mutum ya saba da nauyinsa, yana ɗagawa ba tare da ya karkace baya ba, sannan Dogo ya ƙara masa moɗa guda. Na ce wannan ai wasan yara ne, moɗa guda me za ta yi? Ya nuna mini wani ƙato da ke ɗaga manyan jarkoki biyu kamar ƙwarya, ya ce da rabin ƙarama ya fara.

Gudu suna yi, amma gajere, cikin rairayi, a ruga a tsaya, a ruga a tsaya. Da na ba shi labarin hanyar Ibeto sai ya ce, "To, a filin kokawa wa ka taɓa gani ya yi gudun zuwa wani gari? Abin da za ka yi ranar kamu, shi za ka koya wa jiki." Yawancin lokacinsu a kamu yake tafiya, yadda ake sa ƙafa, yadda ake kwance riƙo, har yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Ranar da aka sha wuya, washegari sai a sassauta. Juma'a babu kowa a fili. Da rana kowa ya kwanta. Akwai wani da kokawarsa ta matso, ina zaton za a ninka masa, sai na ga an rage masa ruwan jarka.

Na kasa haƙuri. Muna shan shayi a ƙofar gida, irin nasu mai ɗaci a ɗan mitsitsin kofi, na ce, "Dogo, mu da aka hora da wuya ba mu yi suna ba? Wa ya hutar da mu?"

Ya ja ƙafar wandonsa sama. Gwiwar ta kumbura ta karkace, kamar kututture.

"Ga sunan da na yi. Salla a kan kujera nake yi, Turmi. Ina mutanenmu? Nawa ne suka kai shekara talatin da biyar a fili? Kowa jikinsa ya ci shi tun da sauran ƙarfinsa. Ni sai da na zauna a gida da ƙafar nan na lura. Duk lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni na 'yan kwanaki, in na warke sai in ji na fi ƙarfi a fili, in ce maganin malam ne. Ashe hutun ne. Atisaye rushe jiki yake yi. Gininsa sai an ci an kwanta."

Na tuna bayana da ke hana ni daɗewa a kan keke, na ce masa shayin ya yi ɗaci.

Shi kuwa Bawa, abin da aka ba shi shi ne guntun robar tayar keke. Aka ɗaure ta a jikin turke, aka ce ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari ya riƙa ja a hankali. Ƙafafu da ciki an bar shi ya yi musu aiki sosai, amma hannun dama roba kawai. Ku dubi mutumin da ya ɗaga mota, yana tsaye yana jan roba, 'yan kallo na ƙyalƙyala dariya. Kullum muka koma ɗaki sai ya cika ya batse.

"Kawu, wannan tsoho raina ni ya yi. Gambo na can yana ɗaga buhu, ni ina nan ina wasa da roba. Kaka fa ta kusa."

Na ce ya yi haƙuri, amma ni ma zuciyata rabi tana wurinsa.

Rannan bayan sallar asuba ya ce zai ɗan taka ƙafa. Ashe fili ya zarce, ya ɗauki jarkar ƙaton nan ya yi ta ɗagawa sama da kai. Fati ce ta hango shi a hanyarta ta zuwa niƙa. Da muka zauna karin kumallo hannun ya ƙi kai koko baki. Duk ɗan sauƙin da aka samu ya tafi.

Ban taɓa ganin ran Dogo ya ɓaci haka ba, ko a fili. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bawa, faɗa mini, da damina in ka tashi me kake yi?"

"Gona nake zuwa, Baba."

"Har yaushe?"

"Har la'asar."

"Sannan?"

"Sannan in tafi atisaye."

"To huɗar da ka wuni kana yi, ita mece ce?"

Bawa ya ce, "Ai wannan noma ne, Baba, ba atisaye ba ne."

Dogo ya dube ni, ya dube shi. "Ka ji ko? Ku kuka raba su. Kafaɗa ba ta san garma daban, abokin kamu daban ba. Nauyi kawai ta sani. Tun safe take aiki, ka dawo ka ɗora mata buhu, ta yi kuka ka toshe mata baki da ƙwaya. Gajiya daban, ciwo daban, ɗana. Gajiya in ka kwana za ka tashi babu ita. Wanda ka kwana ka tashi da shi, yana soka kamar allura, wannan magana yake yi maka. In ba za ka ji ba, ga hanya nan, motar Gaya ba ta tashi ba tukuna. Amma ka fara tunanin abin da za ka faɗa wa uwarka."

Wallahi duk shekarun da na yi a wannan harka ban taɓa lissafa noma cikin wahalar ɗan kokawa ba. Mu a wurinmu gona gona ce, kowa na zuwa, har tsofaffi.

Bawa bai hau motar Gaya ba. Ya koma kan robarsa, aka sake farawa daga tushe. A hankali aka sauya masa roba mai kauri, daga baya aka ba shi 'yar jarka da ruwa a gindinta. Ranar da aka ƙara masa moɗar farko ya dawo yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Ya fara barcin rana, har da minshari. Ni ma, kada ku faɗa a kasuwa, na koya. Wata rana muna cin dambu na ga Fati tana murmushi, na duba, ashe da dama yake kai loma bai ma sani ba.

Kwanakin nan su ne suka fi tsaya mini a rai. Da hantsi ni da Dogo mu zauna a gindin dalbejiya, ya ɗora butar shayi a kan gawayi, mu yi ta kiran sunayen mutanenmu. Wane ya rasu, wane ya makance, wane yana Makka bai dawo ba. Ya tuna mini ranar da na kayar da shi a Yauri wandona ya yage, na fita fili da zanen wata mai tuwo. Abin da na yi shekaru ina addu'a kowa ya manta! Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Samarin yanzu ba su san mu ba, a Kontagora ni tela ne mai surutu. A gindin bishiyar nan kaɗai nake Turmi na gaske, domin akwai wanda ya taɓa jin nauyina.

Da girbi ya matso dole muka yi shirin gida. Dogo ya rako mu tasha da sandarsa. Ya ba Bawa robobi, ya ce ko girbin ma ya nemi gayya, kada ya ɗauki dami a kafaɗar nan. Sannan ya riƙe masa hannu.

"Kakar bana ba taka ba ce. Ko an buga maka take, ko an zagi kakanka, kada ka shiga. Ka ba kafaɗar shekarar nan, ta ba ka goma."

Da ya saki hannun, Dogo ya juyo gare ni, muka rungume juna. Ya ce in dawo baɗi. Na ce in Allah ya yarda. Mu duka mun san shekarunmu. Mota ta tashi ina hango shi ta gilashi, bai motsa ba har muka sha kwana.

Dawowa babu wani labari, sai dai a iyaka jandarman nan ya gane ni, tun daga nesa ya nuna hulata yana dariya.

To, saura abin da kuka fi tambaya, ranar kokawar Auna. Wasunku kuna wurin, amma daga nesa kuka gani, ni kuwa ina gefensa. Na ce masa ya zauna a gida. Ya ce in ya ɓuya za a ce gudu ya yi, gara a gan shi. Muka je muka zauna a sahun gaba, yana sanye da doguwar riga kamar ɗan kallo. Yaya Hajo tana can cikin mata, na hango ta, ba ta kallon fili, shi take kallo.

Gambo ya kayar da mutum biyu kamar wasa. Sannan ya zagayo yana taku, ya zo gabanmu ya durƙusa, ya miƙo wa Bawa hannu biyu. Makaɗa suka gani, suka juya kiɗa, suka saki taken Bawa. Wanda bai taɓa kokawa ba ba zai san abin da take ke yi wa mutum ba. Ba kunne yake shiga ba, jini yake shiga. Ni da ba nawa ba ne sai da tsigar jikina ta tashi.

Fili ya ɗauka. "Bawa! Bawa! Tashi!" Da suka ga bai tashi ba sai murya ta sauya. "Tsoro yake ji!" "An kai shi Faranshi an mayar da shi mace!" Mutanen garinsu Bawa ne fa, waɗanda suka sha ɗaukarsa a kafaɗa. Wani tsoho ya cire hula ya jefar a ƙasa don takaici. Gambo yana durƙushe yana murmushi, hannunsa a miƙe.

Na dubi Bawa. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, hawaye na zuba, bai share ba. Ƙafarsa ta dama tana bin kiɗan da kanta, diddige na dukan ƙasa. Na ga ya fara ɗagowa daga benci, na ce shi ke nan, tafiyarmu ta tashi a banza. Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Kawu, danne mini gwiwa. Ƙafata za ta tashi."

Na ɗora hannu biyu a kan gwiwarsa, na sakar mata duk nauyin da Allah ya ba ni. Tana motsi a ƙarƙashin tafina kamar ɗan maraƙi. Haka muka zauna, ana ihu ana zaginmu, ina dannewa yana kuka, har makaɗan suka gaji suka koma taken wani.